Kuskuren mabuga ko ɓarnar hannu? Abin dubawa kafin ka sayi tsohon kwabo a Jos

Duk mai tara tsofaffin sulalla a Jos ya san lokacin da mai tire zai sassauta murya, ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wani kwabo daga ƙullin leda wanda bai baza shi tare da sauran ba. Wannan, in ji shi, daban yake, tun daga gidan buga kuɗi ya fito haka. Wani an ci gefensa, wani ya fi 'yan'uwansa faɗi, wani babu rabin rubutunsa, wani ya yi ja alhali irinsa fari ne. Kuɗinsa kuma ya ninka na sauran sau da yawa. A nan shawara take: ko ka biya kuɗin kuskuren mabuga, wanda masu tarawa ke nema ido rufe, ko ka gane cewa lalataccen kwabo ne wanda bai ma kai lafiyayye daraja ba.

Ba cewa nake masu sayarwar maƙaryata ne ba. Yawancinsu daga hannun 'yan gwangwan suke samo kayan, ko daga kwallar wata tsohuwa da aka raba gadonta, kuma sun ga bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook ana cewa kwabo ɗaya mai aibi ya sayi gida a Amurka. Sun yarda da abin da suke faɗa. Sai dai yardar mai kaya ba ta canza abin da ya sami ƙarfen. Kwabon da ya shekara saba'in ko tamanin yana yawo tsakanin aljihu da asusu da gona da hannun yara, hanyoyin lalacewarsa ba su ƙirguwa. Hanyoyin da injin buga kuɗi ke yin kuskure kuwa kaɗan ne, kuma sanannu ne. Shi ya sa nake ɗaukar duk wani baƙon kwabo a matsayin lalatacce har sai jikinsa ya ba da shaida.

Ba ka iya karanta wannan shaida sai ka san yadda ake buga kuɗin. Ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kauri daidai, inji ya riƙa huda shi yana fitar da faya-fayai masu santsi, ba rubutu ba zane. A gasa su su yi laushi, a wanke, a bi da su ta wani injin da ke matse gefensu ya ɗan tayar musu da leɓe. Daga nan faifan ya faɗa cikin wani zoben ƙarfe, hatimi ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su haɗu a kansa da nauyin tan masu yawa. Ƙarfen ya malala cikin ramukan hatiman, fuskokin biyu su fito lokaci guda, zoben ya tsare faɗin kwabon, ya kuma yi wa gefensa tsaga-tsaga idan irin mai tsaga ne. Injinan zamani suna yin haka sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Kuskuren gaskiya a ɗayan wurare uku yake aukuwa: ko faifan ya zo da tawaya, ko hatimin yana da aibi, ko bugun ya sauka ba daidai ba. Abin da ya sami kwabo bayan ya faɗo daga injin, ko da a buhun banki ne, ɓarna ce. Tambayar da za ka riƙe ke nan: wannan alamar ta riga bugu, ko a kan zanen da ya riga ya fito aka yi ta?

Dubi mai buga bulo. Idan ƙarfen da yake bugawa da shi ya tsage, siminti zai shiga tsagar, kowane bulo ya fito da ɗan tudu a wuri ɗaya. Idan kuwa bulo ya faɗo daga kan mota ne, shi kaɗai zai gutsure, kuma raunin ciki yake shiga. Haka kwabo. Hatimin da ya tsage yana barin siririn layi mai tudu, mai karkace-karkace, wanda yakan taso daga leɓe ya ratsa haruffa ba tare da ya yanke su ba. Ƙarzar wuƙa ko ƙusa kuwa rami ce, mai kaifi a ƙasa, ta yanke haruffan, kuma ƙarfen da ta ture yana nan a gefenta ya taru. Wannan tarin shi ke ruɗin mutane su ce layin tudu ne. Karkata kwabon a hasken rana: in akwai rami kusa da tudun, hannu ne ya yi. Wani lokaci ɓangaren hatimi yakan ɓalle gaba ɗaya a bakinsa, sai kwabon ya fito da wani dunƙulen ƙarfe mai santsi manne da leɓe. Juya shi. A daidai bayan dunƙulen za ka ga zanen ya yi rauni, domin ƙarfen ya gudu zuwa wancan ramin. Ɗigon dalma da aka ɗiga ba ya taɓa bayan kwabo, launinsa kuma daban.

Kwabon da aka ci gefensa shi na fi gani a tire, shi kuma ya fi cinye kuɗin sababbin shiga. Na gaskiya yana samuwa ne idan fallen ƙarfen bai matsa gaba sosai ba, sai mahudin ya sauka a kan bakin ramin da ya riga ya huda. Saboda haka cin yakan zo a lanƙwashe, kuma lanƙwasar tana kusa da ta kwabon kansa: ɗauko ɗan'uwansa ka jingina a wurin, za ka ga ya kusa zama daram.

Wani dattijo da ke baza sulalla tare da carbi da zobba a wajen kasuwar Terminus ya miƙo mini wani sule na 1959, mai ganyen kwakwa, an ci gefensa kamar fitowar jinjirin wata.

"Ɗana, wannan sai mai rabo. Haka Bature ya buga shi."

"Baba, a ba ni izini in fita da shi haske."

"Fita da shi. Gani ya kori ji."

Lanƙwasar ta yi kyau, har ta kusa dacewa da wani sulen. Amma leɓen ya tafi da tsayinsa cikakke har bakin yankan, sannan ya yanke tsaf. Haruffan da ke kusa da wurin suna tsaye ƙyam, an dai datse su. Cikin yankan kuma, a ƙarƙashin madubin masu gyaran agogo, ga layuka sirara a jere suna bin hanya ɗaya, aikin magagari, ƙarfen wurin ya fi sauran jikin haske. Na nuna masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"To, Allah ya kyauta. Ni ma haka aka kawo mini shi."

A na gaskiya, leɓen yana dusashewa a hankali yayin da yake gabato cin, haruffan kusa sukan ja su miƙe wajen ramin domin ƙarfen can ya malala lokacin bugu, cikin yankan kuma rabi santsi rabi gautsi, launinsa ɗaya da sauran jikin. Akwai kuma wata alama da masana ke kira da sunan Blakesley: leɓen da ke daura da cin, a ɗaya ɓangaren, yakan fito a kwance, domin injin da ke tayar da leɓe bai sami abin dannawa ba a lokacin da cin ya zo gabansa. Ba kowane na gaskiya ke nuna ta ba, musamman in cin ƙarami ne. Amma in ka gan ta ka samu babbar shaida, domin mai magagari ba kasafai yake sanin ta ba balle ya kwaikwaya.

Kwabo mai faɗi fiye da kima shi ma iri biyu ne. In zoben bai tashi ya kama faifan ba, bugun zai baje shi: ya fi 'yan'uwansa faɗi, gefensa babu tsaga, amma zanen tsakiya ras yake, da kaifinsa da sheƙinsa. In faifan ya zauna a karkace, zanen zai gudu gefe ɗaya a fuskokin biyu, ya bar wani ɓangare fili mai santsi da kaurin ɗanyen faifai. Kishiyar waɗannan kuwa duk wanda ya tashi kusa da layin dogo a Jos ko Bukuru ya san ta, domin yara sun daɗe suna ɗora kwabo a kan ƙarfen su jira jirgi. Wanda jirgi ya taka yakan yi tsawo ta fuska ɗaya, ya yi siriri, zanen ya shafe ya ja. Wanda aka daka da guduma kuma ga tabon guduma, ga tabon dutsen da aka ɗora shi a bayansa. A nan sikeli ba zai raba gardama ba, domin duka biyun nauyinsu bai ragu ba. Kaifin zanen za ka duba. Bugun mabuga yana fito da zane, bugun waje yana kashe shi.

Akwai kuma wanda ya ƙanƙance, gefensa ya yi kauri har ya naɗo kan haruffa. Wannan zobe aka fara yi aka fasa. Maƙeran farfaru sun sha bubbuga gefen sulallan azurfa na Afirka ta Yamma, irin waɗanda aka fara bugawa a 1913, don su mai da su zobba. Injin mabuga ba shi da hanyar fitar da irin wannan.

Sai batun huji, wanda namu ne fiye da na kowa, kuma littattafan Amurka ba su cika taɓa shi ba domin kuɗinsu ba su da shi. Anini da ɗari da kwabo na zamanin Turawa, masu tauraro mai tsini shida, da hujinsu aka yi su, haka ma ɗari da kwabo na Tarayyar Nijeriya na 1959. Hujin ya sa an yi amfani da su ta hanyoyin da ba a ƙirga ba. An zura su a igiya shekara da shekaru har hujin ya side ya zama kamar ƙwai, bakinsa sumul. An sa su a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano, kuma irin wannan ba ya ɓuya: tsakiyarsa ta lotsa, ga da'irar tsatsa kewaye da hujin. An rataya wa yara, an ɗinka a jikin laya, an yi wa kitso ado da su. Duk wani huji na biyu kusa da leɓe na ado ne, kuma duk huji a jikin taro ko sisi ko sule ɓarna ce kai tsaye, domin ba a yi su da shi ba. Ƙusa takan bar ƙarfe ya ɓullo ta baya, na'urar huji kuma takan bar ƙaiƙayi mai kaifi a baki.

Amma kuskuren huji na gaskiya yana nan, kuma a ganina yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da mai tarawa a ƙasar nan. Akwai wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya, akwai wanda ba a huda ba sam. Na farko, hujin ɗaya ne tak, zagayayye, girmansa daidai da na sauran, bakinsa tsaf, kuma wurin da ya kamata ya kasance ƙarfe ne lafiyayye wanda ba a taɓa ba. Na biyu shi ake yi wa dabara, a toshe hujin da dalma ko guntun ƙarfe a goge. Madubi zai nuna maka siririyar da'ira inda toshin ya haɗu da jiki, da ɗan bambancin launi. Ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani kwabon a hankali: lafiyayye yana da amo mai tsawo, mai toshi amonsa gajere ne. Wanda ba a huda ba da gaske zai ɗan fi ɗan'uwansa na shekara ɗaya nauyi, amma mai toshi ma haka, don haka kada sikeli kaɗai ya gamsar da kai.

Launi kuwa, a Filato sai an yi hattara ninki biyu. Ma'aikatan kuza da tsabar kuɗi aka riƙa biyansu, kuma har yau manoma a wajen Bukuru da Barikin Ladi suna tono sulalla a gonakin da a da barikin lebura ne. Jar ƙasarmu da yawan ruwan samanmu suna canza ƙarfe. Kwabon da aka yi da gaurayen jan ƙarfe da nikel, wanda fari ne, yakan fito daga ƙasa ja ko ruwan ƙasa, sai a ce an buga shi a kan ƙarfen da ba nasa ba. Na tagulla kuma yakan yi kore da ƙuraje. Ka fara duba shekarar. Kwabon Afirka ta Yamma fari ne har zuwa 1951, daga 1952 aka koma jan na tagulla, saboda haka jan kwabo na 1952 ba abin mamaki ba ne. Jan kwabo na 1940 da wani abu kuwa, kusan kullum ƙasa ce ta rina shi: fatarsa ba sheƙi, tana da gautsi, launin bai zauna daidai ba, kuma a wuraren da suka fi tudu farin yakan leƙo. Wanda aka buga a kan faifan wani kuɗin da gaske yana ɗauke da nauyin wancan kuɗin daidai, fatarsa lafiya lau, in faifan ya fi ƙanƙanta kuma bakin rubutun yakan fita waje.

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni na Amurka ne. A 1943, saboda yaƙi, an buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe mai rufin zinki, amma wasu 'yan faya-fayan tagulla da suka rage suka shiga injin. Waɗannan 'yan kaɗan suna da tsada ƙwarai, shi ya sa aka cika duniya da na bogi: a ɗauki na baƙin ƙarfen a shafa masa jan ƙarfe. Mayen ƙarfe yana tona asirin nan take. Na baƙin ƙarfen giram 2.7 ne kuma yana mannewa, na tagullar giram 3.11 ne kuma ba ya mannewa. Darasin ya shafe mu. Sulallan kobo na 1973 ba sa bin mayen ƙarfe, na 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, suna bi. In rufin ya ɓare, tokar ƙarfen ta bayyana, ko tsatsa ta kumburo shi daga ciki, wannan lalacewa ce kawai. Haka kwabon da ya kwana a ruwan batir: ya yi siriri, ya yi sauƙi, ya ɗan ƙanƙance, haruffansa sun rame duka, fatarsa ta yi ƙananan ramuka ko'ina. Ɗanyen faifai siriri na mabuga faɗinsa cikakke ne, fatarsa santsi, zanen ne kawai bai fito da ƙarfi ba.

Rubutu mai ninki ba zan daɗe a kansa ba, domin a sulallanmu ba shi ne abin da aka fi kawowa ba. In ninkin a jikin hatimi yake, kamar santin Amurka na 1955 da ake ganin shekarar da rubutun sau biyu ko ba madubi, to siffofin biyu duk a kumbure suke, kuma kusurwar haruffan takan rabu biyu. In hatimin ne ya ɗan girgiza bayan bugu, ninkin a kwance yake kamar matakala, ya rage wa harafin kauri. Wannan na biyun a mabuga ya faru, amma masu saye ba sa ƙara masa kuɗin kirki. Haka ƙananan tsagar hatimi da harafi ɗaya da maiƙo ya toshe. Ba duk abin da ya fito daga mabuga ne ke da tsada ba, kuma wannan gaskiya ce da bidiyoyin ba sa faɗa.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne kwabo mai zanen wani kwabon a jikinsa, a juye, a lotse. Yana faruwa da gaske idan bugaggen kwabo ya maƙale a hatimi ya bugi faifan da ya biyo baya. A irin wannan, fuska ɗaya lafiya ƙalau take da cikakken kaifi, ɗayar kuma hoton waccan fuskar ce a juye, ciki. Amma kowa na iya haɗa sulalla biyu ya matse su ko ya daka. Sai ka ga baƙon zanen ya hau kan zanen asali ya danne shi, ɗaya fuskar ta baje, kwabon ya daina zama zagayayye. Mai kai biyu kuwa, wato fuska iri ɗaya gaba da baya, kusan kullum sulalla biyu ne aka fafe aka haɗa. Nemi layin haɗin a gefe ko a cikin leɓe. Naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe biyu, waɗanda aka fitar ranar 28 ga Fabrairu 2007, su ma ana fitar musu da tsakiya a juya a mayar, har Herbert Macaulay ko ginin Majalisar Tarayya ya koma inda bai kamata ba. Tabon abin da aka buga da shi yana nan, ga kuma ɗan sarari tsakanin ƙarafan biyu. A tuna dai waɗannan har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta lalata su da yin cinikinsu, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Akwai rukuni na uku da ke shiga tsakani, abubuwan da ba kuskure ba ne ba kuma ɓarna ba, haka aka nufa. Kwarin da ke tsakiyar gefen sule da na sule biyu tun daga 1938 an yi shi ne don a wahalar da masu jabu, ba alamar an manna biyu ba ce. Ɗan ƙaramin H ko KN alamar masana'antun Heaton da King's Norton ne na Birmingham, waɗanda suka buga wa Turawa kuɗi. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a shekarar, yana da daɗin labari amma an buga shi da yawa. Kobo na 1973 mai gajeren taken ƙasa da na ƙarshen shekarun 1980 mai dogon take duk daidai suke, taken ne aka faɗaɗa.

To me ya cancanci kuɗinka? Ni na fi natsuwa da kuskuren da ke da tagwaye, wato wanda a jikin hatimi yake ko a haɗa hatimai, domin an san shi, an rubuta shi, akwai hotonsa da za ka gwada da naka ɗigo bayan ɗigo. Babban misali shi ne haɗin gambiza, inda aka haɗa hatimin gaba da na bayan da ba nasa ba. A Ingila, a 2008, an mai da shekarar kwabon fani 20 daga baya zuwa gaba, sai aka haɗa tsohon gaba da sabon baya, kuɗin ya fito babu shekara ko'ina. Namu ma akwai: kwabon Afirka ta Yamma na 1945 mai sunan Edward na Takwas, shekara tara bayan saukarsa, da na 1956 mai sunan George na Shida wanda ya rasu tun 1952. Waɗannan suna iya ɓuya a cikin tarin talakawan kwabbai a kasuwar Katako ba wanda ya lura, domin ba su da wani aibi da ke ɗaukar ido, sai wanda ya karanta sunan ya kuma karanta shekarar. Duk da haka a sa madubi a kan lambar ƙarshe. Mai hannu yana iya sassaƙa lamba ya mai da ita wata, kuma filin da ke kewaye da ita yakan lotsa ko ya yi ƙarce.

Bayan su sai kuskuren bugu da na faifai mai girma wanda shaidunsa suka haɗu: nauyi ya yi daidai da labarin, fuskokin biyu sun gaskata juna, launin raunin ɗaya ne da na jiki. In ɗaya daga cikin ukun ya saɓa, kama da wane ba ta wane, ka taya shi a kuɗin lalatacce ko ka bar shi. In kuma kuɗinka na abu ɗaya ne, ga baƙon kwabo da kake shakka ga lafiyayyen taro mai kusurwa goma sha biyu na 1959 da audugarsa ta fito ras, ko kobo 25 na 1973 da dalar gyaɗarsa ba ta side ba, ɗauki lafiyayyen. Shi kowane mai tarawa zai karɓa daga hannunka gobe ba tare da dogon bayani ba.

Kayan aikin ba su da tsada: madubi mai ƙara girma sau goma, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare wanda ke nuna giram da lamba biyu bayan ɗigo, mayen ƙarfe, da lafiyayyen kwabo na kowane iri don gwaji. Shafin Numista yana ba da nauyi da faɗi da irin ƙarfen kusan kowane kwabo kyauta, kuma wanda ya je Abuja yana iya neman ganin gidan tarihin kuɗi na Babban Banki don idonsa ya saba da yadda lafiyayyu suke. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a goge. Toka da lemun tsami, tsamiya, Brasso, soson ƙarfe, duk suna cinye fatar da shaidar take kwance a kai, kuma kuskuren gaskiya da aka goge ya zama kuskure mai ɓarna a kansa, darajarsa ta faɗi. Kada kuma a kankare gefe da wuƙa wai a ga launin ciki.

Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna duba kwabo su rufe shi a roba da hukuncinsu, kuma in lalatacce ne za su rubuta haka ko su ƙi ba shi maki. Sai dai kuɗin aikin da na aikawa da dala ake biya, sau da yawa ya fi kuɗin kwabon, saboda haka sai abin da ya tsallake duk gwajin gida ya kamata a tura. Saye ta hoton WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne. In ba makawa, nemi hoton fuskokin biyu, da na gefe, da na kwabon a kan sikeli lambar tana fitowa. A kasuwa kuma, kafin kuɗi su bar hannunka, ku yi magana a gaban maƙwabcin mai tiren cewa za ka kai gida ka auna, in nauyin ko madubi ya saɓa za ka dawo da shi a mayar maka da kuɗinka. Dattawan da suka daɗe a sana'ar ba sa ƙin wannan sharaɗi, musamman ga wanda suka san zai dawo ya sayi wani abu.